Mitar da Ke Jiran Kaya daga Japan

A wata rumfar gyaran kayan lantarki da ke titin Paruro a birnin Lima, Don Teófilo ya ɗago kai daga kan tsohuwar mitar awon wuta, babbar nan mai allura ta kan tebur, ya dubi matar da ta kawo ta.

"Baiwar Allah, ba abin da ya sami mitar nan."

"Babana, mai gyaran rediyo ne, ya ce ƙarya take masa. Rediyon mutane biyu ya ƙona a makon nan."

"Na gwada ta ta ko'ina. Dubi sukurin saita allurar, ya cinye shi da murɗawa. Shekarun baban naki nawa?"

"Ya haura tamanin. Jiya wuta ta ja shi, har ta yar da shi daga kujera."

"To ai wurin likitan ido za ki kai shi, ba nan ba."

"Likita ya ce an wuce nan." Ta sauke numfashi. "Malam, na san mitar ƙalau take. Na gaji ne. In na mayar masa da ita, gobe zai koma bakin aiki."

Don Teófilo ya cire tabarau, ya daɗe yana murza ido.

"Ki ce masa wani abu ya mutu a ciki, sai an kawo daga Japan."

"Zai yarda?"

"Zai gane. Amma ba zai ce komai ba."

Ya ɗora mitar a kantar bayansa, kusa da wasu da ƙura ta lulluɓe.

"Waɗannan ma kaya suke jira daga Japan?" in ji matar.

"Duk ƙalau suke," in ji shi.