Fitilar da Na Rufe da Sunan Yesu

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu.

Ni ne Mushe Yakubu, kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, mai koyar da lissafi a lakwal, wato makarantar boko, nan Konni. Zunubina ba giya ba ne, ba caca ba. Nawa ya fi su tsabta, ya kuma fi su wauta: ba na son gargaɗi, ko da mota ce ta yi mini shi.

Wata biyar wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji tana haske gaban sitiyarina. Da ta ishe ni, na samo ƴar takarda mai manne da sunan Yesu a kanta, na liƙe mata. Na sa wa wannan aiki suna bangaskiya.

Ranar jarrabawa aka damƙa mini takardu masu hatimi in kai wani gari na Alela, da jandarma ɗaya a gefena. Ƙarfe takwas ake buɗe su ko'ina. In muka makara, yaran garin sun yi asarar shekara.

Muna wuce Bazaga motar ta fara tari, tana aman baƙin hayaƙi, ta mutu. Na tada ta, ta sake mutuwa. Bakwai ta gota!

Jandarma ya dubi agogo. "Mushe, in takwas ta iske mu nan, sunanka za ni rubutawa."

Na kifa goshi bisa sitiyari. Addu'ata ko nahawu babu: "Ya Yesu, ba don ni ba, don yaran nan!"

Ban ɗago ba sai ga babur ya tsaya. Wani makanise ne, Malam Garba, za shi garejinsa a Konni. Ya zaro ƴar na'ura daga aljihu, ya jona ƙarƙashin sitiyari, ya duba wayarsa.

"P0131. Sansa ce, wadda ke shinshinar hayaƙi a salansa. Ta lalace, tana yi ma inji ƙarya, shi ko yana ta ɗura mai har buji masu ba inji wuta suka toshe. To ina fitilar? Ba ta kama ba?"

Ya sa farce ya ɓamɓare takardar. Ga fitilar nan tana haske abinta.

"Haba Mushe! Allah ya aiko maka gargaɗi, kai ko ka toshe mai baki da sunan Annabi Isa?"

Ban taɓa jin wa'azin da ya fi wannan gajarta da zafi ba.

Ya zare wayar sansar, ya goge buji. "Za ta kai ka, amma gobe ka sake sabuwa."

Takwas saura biyar muka shiga lakwal ɗin, yara na zaune riƙe da alƙaluma. Halleluya!

Na gode wa Ubangiji da ya cece su, ya kuma kuɓutar da ni daga taurin kaina. Ku dogara gare shi, ƴan'uwa, ku kuma saurari abin da yake haska muku. Takardar tana nan, na mai da ita gilashin baya, inda ba ta rufe komai. Amin.