Hannuwan da Suka Share Mana Hanya

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, uwar ƙungiyarmu ta maƙwabta, likitan da ya bar marasa lafiyarsa ya zo ya zauna da mu, iyaye da ƙanne, 'ya'ya da jikoki, da maigidana da ke can gaba yana yi mini alama wai in taƙaita, ina yi muku barka da zuwa.

Na gode da aka ba tsohuwa irina dama ta tsaya a gabanku. Ba ni da baiwar magana, amma yaba kyauta tukuici, kuma ni da maigida kyautar da aka yi mana ta fi ƙarfin a yi shiru.

Abu na farko, bari in faɗa wa waɗanda ba su sani ba yadda muke. Mu biyu ne a gida. Yara sun girma sun watse, shi ya ajiye tuƙin motar haya, ni na ajiye aikin jinya. Da safe shi ke haɗa shayi, ni ke miƙa masa magani. Ya buɗe labule, in rufe, in buɗe taga, ya ce sanyi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle mu. Sai dai yaran da suka tafi ba su tafi da kayansu ba, mu kuma ba mu iya zubar da komai ba. Shi yana tara matattun rediyo da tsofaffin tayoyi, ni ina tara tukwane da kwalaye. A hankali kaya suka cinye ɗaki guda, suka fito baranda, suka matse hanyar da ke tsakanin kicin da ɗakin kwana, har sai mutum ya karkace kafin ya wuce.

A wannan hanyar ce, wata safiya, maigida ya yi tuntuɓe da kwali yana ɗauke da kofin shayina. Ƙarar kofin na fara ji, sannan na ji nishinsa. Ƙashin ƙugu ya karye.

Bayan an yi masa aiki a asibiti, likita ya ce zai tashi, amma da abin dogarawa mai ƙafa huɗu, kuma dole gida ya zama fili. Babbar 'yarmu ta zo ta duba gidan, ta share hawaye, ta ce, “Mama, ba zan bar ku a nan ba. Ku tattara ku dawo wurina.” Gaskiya ta faɗa, kuma don ƙauna ta faɗa. Amma wurinta da nisa, ba mu san kowa ba. Da na kai wa maigida labari a gadon asibiti, sai ya juya fuskarsa bango, ya ce, “To wa zan riƙa yin gardamar ƙwallo da shi?” Ranar bai ci abinci ba.

Abu na biyu, kuma shi ne dalilin tsayuwata, shi ne abin da kuka yi. Ban roƙi kowa ba, kunya ta hana ni. Malama, aminiyata wadda ta koyar da rabin mutanen da ke zaune a nan, ita ta same ni zaune a tsakiyar kwalaye na rasa ta inda zan fara. Ba ta ce mini sannu ba. Cewa ta yi, “Yaya, gobe ki dafa ruwan zafi da yawa.” Washegari sai ga ta da Kafinta, da Mai Gyaran Rediyo, da abokin gardamar maigida, wanda muke kira Gajere don ya fi kowa tsawo.

Suka kasa kayan kashi uku: na ajiyewa, na kyautarwa, na zubarwa. Ni kuwa duk sanda suka juya baya sai in ɗauke tukunya daga na kyautarwa in mayar. Malama ta kama ni, ta ce, “Yaya, bakinku biyu a gidan nan, bataliyar soja za ki ciyar?” Muka yi dariya har na zauna a ƙasa.

Ana cikin haka Gajere ya buɗe wani ƙaramin kwali, ya fito da takalmin makaranta na ɗan autanmu, wanda Allah Ya karɓa tun yana yaro. Dariyar ta tsaya. Ba wanda ya tambaye ni wane kashi za a sa shi. Gajere ya goge shi da hannun rigarsa, Kafinta ya ɗauki awo, kafin la'asar ya kafa masa 'yar kanta a ɗakinmu. Jama'a, akwai mai taimakonka da ƙarfinsa, akwai mai taimakonka da saninsa, akwai kuma wanda ya san inda zai yi shiru. Mu duka ukun muka samu.

Kafinta ya kafa abin riƙewa a bango, daga bakin gado har banɗaki. Mai Gyaran Rediyo ya kwashe matattun nan, ya haɗa guda ɗaya mai magana daga cikinsu. Ranar da aka sallamo maigida, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Gidan wa kuka kawo ni?” Sannan ya taka da kansa, ba mai riƙe shi, har kujerarsa.

'Yarmu ta dawo da niyyar ɗaukarmu. Ta tarar da ɗakin da kaya suka cinye ya zama wurin zama, babanta da Gajere suna ta musu, Malama na zuba shayi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta raɗa mini, “Mama, abin da kuke da shi a nan ba ni da shi a can. Ku zauna.” Gani ya kori ji. Tun daga lokacin, duk yammacin Laraba ɗakin nan cike yake.

Abu na ƙarshe roƙo ne. Zumunci a ƙafa yake. In kun je gaida tsoho, kada ku tsaya a “ina kwana”. Ku dubi ƙasan da yake takawa, ku dubi hanyar da yake bi, ku dubi abin da kunya ta hana shi faɗa. Mu kuma tsofaffi, mu buɗe ƙofa, ranar wanka ba a ɓoye cibiya.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya zuriyarku, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ranar da ƙarfinku ya ƙare, Allah Ya turo muku masu ƙwanƙwasa ƙofa tun ba ku kira ba. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

A madadin maigida da ni kaina, na gode.