Ganyen Caina da Maganin da Nake Ɓoyewa a Ƙarƙashin Bargo

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu.

Sunana Rifkatu, matar marigayi Ishaya, wanda yake sayen fitilu a babbar kasuwar 'yan Caina ta nan Dubai yana aikawa Gombe. Abin da zan faɗa yau ba a faɗinsa a garin nan, na sani. Wanda zai fita da shi daga ɗakin nan, shi da Allah.

Ni da Ishaya muna ɗauke da HIV. Mun yi shekaru muna karɓar maganin ARV a asibitin gida, lafiya ƙalau. A wani zuwansa Dubai, wani ɗan Caina mai shagon ganye a unguwar International City ya haɗa masa saiwoyi da busasshen ganye, wai suna wanke jini, suna ƙara wa magani ƙarfi. Ya riƙa dafawa yana sha tare da ƙwayoyinsa. Idonsa ya koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Haka muka binne shi.

Na tambayi likita ko ganyen ne. Ya ce hanta ce ta lalace, amma ba zai rantse ba, tunda bai ga abin da ya sha ba. Daga ranar na daina yarda da kowa.

Ya bar mini yara, sai na ɗauki sana'arsa. Ina shigowa da bizar ziyara, wadda ba ta buƙatar gwajin jini, in kama gado a ɗakin mata, gado a kan gado. Kafin in taso nakan juye ƙwayoyina a kwalbar bitamin, in cusa auduga don kada su yi ƙara. Amma a ɗakin matan ba yadda za ki haɗiye abu ido bai gan ki ba. An gaya mini in aka gane, jirgi ne kawai zuwa gida, ba dawowa. In wata ta tambayi lafiyata, sai in ce bincike take. In wata ta fita baranda da waya, sai in ce ni ake kai ƙara.

Sai na fara tsallake magani. Yau in sha, gobe idanu sun yi yawa.

Jikina ya fara saki. Ku ji inda tsoro ya kai ni: na nemi shagon nan da ƙafata. Shagon da nake zargi da ran mijina! Dalilina shi ne, ba mai tambayarki a kan shayin ganye, matan ɗakin da yawa suna shan irinsa don rage ƙiba. Na ce zai cike mini ranakun da na tsallake. Mai shagon ya auna ya ƙulle, ya ce, "Shwaiya shwaiya, mama," wato kaɗan-kaɗan. Ina dafawa ina hararar tukunyar, kuma ina sha.

Wata safiya a madubin lifta na ga idona. Irin na Ishaya ne.

Ban je kasuwa ba. Na zauna a matakalar bene na ce, "Ya Ubangiji, ban yarda da ganyen nan ba, ban yarda da mutanen nan ba, Kai ma na fara zarginka. In na mutu wa zai riƙe yaran nan? Ka nuna mini mutum ɗaya."

A nan Anti Memuna ta same ni. Musulma ce 'yar Gana, tana aikin shara a wani ofis a unguwar Port Saeed. Ita ke kula da ɗakinmu, kuma ita na fi tsoro.

Ta ce, "Ƙanwata, tashi, nan ba falon babanki ba ne. Kuma audugarki ba ta aiki. Ina jin kwalbar nan a ƙarƙashin bargo kamar ɓera."

Na ce, "Bitamin ne, Anti."

"To, bitamin. Na tambaye ki sunansa? Yayana ma yana shan bitamin a Kumasi, yana nan da ransa yana damun mutane. Gadona yana da labule, in kin dawo ki shiga ki sha duk sanda lokaci ya yi. Amma wannan idon naki, khalas, magana ta ƙare. Yalla, maza ki koma gida. Ki tafi da ganyen likita ya gani."

Har a filin jirgi ina jira a dafa kafaɗata. Ba wanda ya taɓa ni.

Da na isa gida, likita ya kwance ƙullin, ya gwada jinina, ya ce hantata ta fara taɓuwa. Ya ce ba duk ganye ne guba ba, amma wasu ba sa zama lafiya da ARV a jiki ɗaya. Ya hana ni shi. Saboda tsallaken da na yi, dole ya canza mini magani. Na daɗe a kwance. Ga ni yau tsaye a gabanku. Yabo ga Ubangiji!

Har yanzu ban san tabbas abin da ya ɗauke Ishaya ba. Wannan na bar wa Allah, ko da yake da wuya.

In akwai mai ɓoye kwalba a cikinmu, ban ce ka ɗaga hannu ba. Roƙona kawai, ka sha maganinka a kan lokaci, kada ka haɗa shi da komai sai likita ya gani, ka dogara ga Yesu. Jiya autata ta kira ni ta ce in sayo mata takalmin makaranta, babba, wanda zai kai ta baɗi. Na ce mata na baɗi ma ni zan sayo.

Na gode wa Allah. Amin.