Yayan Maigidana Ya Karɓe Maganin Hawan Jini

Salama dai, mai gabatarwa. Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji.

Maigidana ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan. Likita ya same shi da hawan jini da ciwon zuciya, ya rubuta masa ƙwaya mai buɗe hanyoyin jini. Ƙirjin ya lafa, amma ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Da muka je Kwoi haƙar citta, yayansa ya duba ya ce, "An binne maka abu a gona, ka taka." Ya karɓe kwalbar, wai ba a haɗa ƙwaya da maganin gida. Na ce likita ya gaya mana kumburi na iya zuwa, mu koma wurinsa, kada mu daina. Aka ce in yi shiru.

Yanzu kumburin ya sace, kowa na murna. Amma jiya a wurin sujada na ga ya dafe ƙirji, ya kasa ƙarasa waƙa. Hankalina ya tashi.

Don Allah ka kawo likita ya yi bayani. Yayan nasa ba ya jin maganata, amma shirinka ba ya wuce shi.

Ni ce Maman Ladi, Kafanchan.