Wanda Ya Zubar da Maganin

A layin karɓar magani na asibitin ƙwaƙwalwa, wani dattijo ya dubi matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, maigidanki aka kwantar?"

"Shi ne, Baba, karo na uku. Wani watan ya yi ta surutu yana rabar da kayan shagonsa, wani watan ko gaisuwa ba ya amsawa."

"Ya bar magani ke nan, kamar ɗana. Barci ya ƙaurace, ciwo ya dawo. Taurin kai ne kawai!"

"Nawa ba ruwansa. Mahaifinsa ya zubar da maganin, wai kada a ce gidansu akwai mahaukaci. Naka fa, wa ya hana shi?"

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Ai lokacin kamar ya warke ne, 'yata."