Wayar Hafsatu da Bakin Ruwa

Assalamu alaikum Malam, da masu sauraro. Daga Kagara nake rubutowa.

Ɗiyata Hafsatu shekararta shida, ba ta magana, likita ya ce galahanga ce, wato lalurar da ake kira autism. Ni na saba mata da waya, don ta zauna nesa da hanyar ruwan dam in muna ban ruwan albasa. Jiya wani talla ya ɓarke da ƙara, ta toshe kunnuwa ta ruga. A bakin ruwa uwarta ta cafko rigarta, ta juyo gare ni tana kuka: "Maigida, wayar nan za ta kashe muna ɗiya!"

Gobe zan rage ƙarar wayar da haskenta, in nemo kara in yi shinge, amma ban yarda da dabarata ba. Iyaye masu irin ɗiyata, ku mi kuke yi?