Lissafin da ya hana Sani dawowa Kiyako

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ɗana Sani ba zai zo hutu ba. Jami'a ta ce ya tsaya ya sake jarrabawa.

Da ya aiko makinsa, na haɗa na raba da yawan darussa, yadda nake yi wa ɗalibaina na firamare. Na ce wa uwarsa, "Hajiya, ya ci, share masa ɗaki." Ashe can kowane darasi da nauyinsa, gwargwadon awanninsa a mako, kuma mafi nauyin ya faɗi.

Shekara guda rabonmu da shi. Kullum sai ta share ɗakin nan. Jama'a, yaya zan gaya mata? An ce zai iya zuwa bayan Sallah, amma wasiƙarsa ba ta iso ba tukuna.

Malam Idi, Kiyako.